Yaɓen Cikin Ruhewa

Fiddausi ta zo duniya bayan an gama kwashe ƙasar gidansu, shi ya sa matan tungar suke ce mata 'yar sabuwar ƙasa. Uwarta Habsu tana son sunan nan har cikin ranta, don tana jin kamar shaida ce cewa wannan dai ta tsira.

Kafin ita akwai biyu. Isa ɗan fari, wanda Habsu ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda kunya har aka kai shi makwancinsa, da ƙanwarsa Hawwa'u. Sati ɗaya ya kwashe su, a shekarar nan da maza suka riƙa shigo da dutsen zinariya cikin gidaje, mata na daka, yara na birgima a ƙurar. Zazzaɓi, amai, jijjiga, sai shiru. An sha saiwoyi, an sha rubutu, an zargi iskoki, an zargi juna. Sai da likitoci suka zo daga nesa sannan aka ji sunan abin: gubar dalma, tana cikin dutsen, ta bi ƙura ta shiga jinin yara. Daga Dareta har Tungar Guru labarin ɗaya ne, balle tungarsu mai gida tara wadda ko sunanta ba kowa ya sani ba.

Daga baya masu shara suka zo da shebur da fartanya. Suka kankare fuskar kowace tsakar gida, suka ɗura a buhuna suka kai wani rami can nesa, suka kawo jar ƙasa mai tsabta suka shimfiɗa. A cikinsu akwai wani dogo mai na'ura kamar bindiga, in ya ɗora bakinta a ƙasa sai ta faɗa masa ko da guba ko babu. Barau, mijin Habsu, bai ɓoye masa komai ba. Ga inda aka yi daka, ga inda aka yi shanya, ga kwanon da aka yi wanki. Mutumin da ya binne 'ya'ya biyu me zai ɓoye? Suka iso ga ruhewa, ƙaton rumbun lakan nan da ake shiga ta sama, dogon ya auna jikinta ta waje, na'ura ta ce lafiya lau. Ya kai hannu ga tsani zai hau.

"Hatsi ne kawai a ciki," in ji Barau, yana murmushin da bai kai ciki ba.

Wakilin maigari ya ja dogon gefe ya raɗa masa cewa a nan ba a leƙa ruhewar mutum. Bawan Allah ya ba da haƙuri ya wuce. To me zai yi? An ce masa ba a yi.

Kuma gaskiya ce aka faɗa masa. Ruhewa sirrin maigida ce. Shi kaɗai ke hawa, ya jefo damin gero, mace ta karɓa a ƙasa. Matarsa ba ta san abin da ya rage ba, ɗan'uwansa bai sani ba, don ranar da aka san ƙasan ruhewarka ya bayyana, ranar ce za a fara gaishe ka da wata irin murya mai tausayi wadda ta fi zagi ciwo. Barau kuwa magini ne, da rani shi ke gina wa mutane ruhewa, kuma wannan tasa ita ce abin alfaharinsa. Ya gina ta a shekarar zinariya, lokacin da Habsu ta yi wata biyu a Nasarawa Burkullu tana jinyar Innarta. In ka zauna da shi minti goma sai ya gaya maka: tun da ya gina ta, ba gara, ba ɓera, ko ƙwaro bai taɓa huda masa tsaba ba. Har tsokanarsa ake yi, a ce Barau ya fi son ruhewar nan da hularsa.

Aka yaye Fiddausi ta kama kunu, tana wasa a sabuwar ƙasa, kumatu sumul. Da masu awon jini suka zagayo, Habsu ta miƙa ta da ƙarfin gwiwa, har tana yi wa wata maƙwabciya ba'a don ta ga tana fargaba. Aka ɗibi jini. Aka kira ta gefe.

Wadda ta kira ta ita ce Sista Philomena, ma'aikaciyar jinya 'yar kudancin Kaduna, gajera, mai faɗa, Hausa ta zauna a bakinta daram sai dai ba irin ta nan ba. Ta ce lambar gubar da ke jinin yaro bai kamata ta kai ko goma ba. In ta haura arba'in da biyar sai magani. Ta Fiddausi hamsin da takwas ce.

"Wagga an haife ta bayan shara," in ji Habsu. "Ku sake dubawa, Sista."

Aka sake. Hamsin da takwas.

Daga nan, Talata ta zama ranar Habsu. Ta goya yarinya, ta taka tafiyar awa biyu zuwa babban ƙauye inda su Philomena ke kafa teburinsu a barandar wani ɗakin shan magani. A ba ta ƙwayoyi masu warin ruɓaɓɓen ƙwai, ta ɓare, ta zuba garin a cokalin kunun gero, ta lallaɓa ta ɗura. A gama zagayen magani, lamba ta sauka arba'in, Habsu ta dawo gida tana jin kamar ta taka rawa. Bayan wata guda a auna, hamsin da biyar. A sake magani, ta sauka. A auna, ta hau. Yaran wasu matan lambarsu ta yi ƙasa ta zauna, aka sallame su. Ita kuwa kullum tana kan bencin nan, har ta san inda ƙusarsa ke kama zane.

"Maman Fiddausi, wani na kawo dutse gidan nan," Philomena ta ce mata wata rana, ba wasa a fuskarta. "Guba ba ta saukowa daga sama."

Aka turo mai na'ura ya sake auna tsakar gida. Ko'ina lafiya, sai kewayen turmi, nan lamba ta yi tsalle. Duk idanu suka koma kan Barau. Mutumin nan ya ɗauko Alƙur'ani da alwalarsa ya rantse cewa tun ranar da ya dawo daga binne Hawwa'u ƙafarsa ba ta sake taka bakin rami ba, kuma duk tungar ta shaida haka. Aka ce to tsohon turmin ne ya sha guba. Aka tafi da shi har taɓaryarsa, aka kankare wurin, Barau ya sa aka sassaƙo sabo. Wata uku, aka auna kewayen sabon turmi, abu ya dawo kamar ba a yi komai ba.

Habsu ta koma kamar mai taɓin hankali a kan tsabta. Ta yayyafa ruwa kafin shara kamar yadda aka koya musu. Ta wanke hannun yarinya kafin ci, bayan ci, da tsakanin ci. Ta hana ta zama sai a tabarma, ta hana ta shiga gidan kowa. Hannuwanta suka tsattsage don sabulu da toka. Mata suna cewa, "Habsu, a hankali, za ki wanke ɗiyar nan har ta koma Baturiya." Ta yi dariya tare da su, ta shiga ɗaki ta yi kuka, don ta san abin da suke faɗa in ta ba da baya: ai da ƙazanta a wani wuri, in ba haka ba don me nata kaɗai?

Abin da ya fi cin ranta ba lambar ba ce, bakin yarinyar ne. Fiddausi tana shekara biyu baki ya buɗe, surutu kamar me. Ta ce Inna, ta ce Baba, ta ce ruwa, ta bi akuya tana kiran "kuya, kuya", har waƙar daka takan kama wutsiyarta. Sai kalmomin suka fara zubewa ɗaya-ɗaya, kuma ba wanda zai ce ga ranar da wata ta faɗi. Da ɓarayin shanu suka kore dabbobin tungar gabanin damina, har awaki ba su bari ba, Habsu ta ɗauka rashin akuyar ne ya sa aka daina jin "kuya". Sai ta lura ruwa ma yanzu nuni ake yi da baki. Sai Barau ya dawo gona, yarinyar ta dube shi ta yi shiru, shi kuma ya yi kamar bai lura ba. Tana shekara uku da rabi, kalma ɗaya ta rage mata: Inna.

Wata Talata cikin watan Agusta aka kwana ana ruwa, mata huɗu kacal suka zo awo. Habsu ta ƙetare rafi ruwa iya ƙugu, yarinya a kafaɗa. Tana zaune tana matse zane sai ta ga Philomena da babban littafinta, tana jan layi a kan wasu sunaye tana kwafe su a wata takarda daban.

"Sista, waɗanga da kike ja ma layi, sun warke ne?"

"A'a. Sun daina zuwa."

"Rasuwa sunka yi?"

"Wasu. Wasu sun yi ƙaura. Wasu iyayen ne suka gaji." Philomena ta aje biro ta murza idanunta. "Manyanmu suna da kalma ɗaya ta Turanci da suke tara su duka a ƙarƙashinta. Attrition."

"Atirishan," in ji Habsu, tana juya ta a baki.

Philomena ta yi 'yar dariya ta gajiya. "Kin ma fi wasu likitocin iya faɗa. Ana nufin abin da ke ƙarewa kaɗan-kaɗan saboda guga. Ba fashewa ba, ba gobara ba. Kin san dutsen niƙa na kakanninmu, yadda tsakiyarsa ke lotsawa? Wa ya taɓa ganin ranar da ya lotsa? Kullum dai ana niƙa, kullum yana tafiya cikin gari ana ci."

"Wato zaizayewa."

"Kusan haka. Amma sai da wani abu da ke gugar wani, yau da gobe. Sojoji na faɗin ta in yaƙi ya ƙi ƙarewa, kowane ɓangare na jiran ɗayan ya gaji. Ana faɗin ta a wurin aiki in ma'aikata na zarewa ɗaya-ɗaya ba tare da an kori kowa ba. Mu goma sha biyu muka fara aikin nan, yau mu biyar ne. Su kuma yaran nan, da ɗari da wani abu muka fara." Ta ɗaga takardar ta aje. "A rahoto kalma ɗaya ce. Ni kuwa na san uwar kowanne."

Habsu ta dubi takardar, ita da ba ta karatun boko. Ta ji tsoronta kamar yadda ake jin tsoron rijiya marar murfi.

"Sunan ɗiyata ba ya shiga wagga takarda," ta ce. "Ko da rarrafe ina zuwa."

"Na sani," in ji Philomena. "Da duk irinki ne, da ban koyi kalmar ba."

A satin nan ne garma ta sari Barau a ƙafa yana maimai. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba, namiji ke nan, kwana uku ƙafa ta kumbura har gwiwa, ko bayan gida sai da sanda. Geron da ya jefo ya ƙare. Habsu ta kakkaɓe ƙwarya, ta zo ta durƙusa a ƙofar ɗakinsa.

"Malam, ba tsaba ko ta kunu. In kira Yaya Shehu ya hau?"

Shehu wansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, katanga ce kawai tsakaninsu. Amma Barau ya girgiza kai tun kafin ta rufe baki.

"Shehu ya ga abin da ya rage, gobe matarsa ta ji, jibi tunga duka." Ya dubi ƙafarsa. "Ki bari hantsi ya ɗaga, kowa ya tahi gona. Ke ki hau. Abin da kin gani ki bar shi a cikinki."

Shekara goma sha ɗaya da aure, ranar ce Habsu ta fara taka tsanin ruhewa. Ta zaunar da Fiddausi a tabarma, ta ɗaure zane tamau, ta hau gabanta na faɗuwa kamar mai sata. Ta ture jinkar da ke rufe bakin, ta zura ƙafa, ta bi 'yan sandunan da aka kafa a jikin bango ta sauka.

Abin da ta fara gani shi ne ƙarancin hatsin. Dami tara, sai rabi. In an yi tsimi, zai kai su sabon gero da ƙyar. Ta ce a ranta, ashe abin da mutumin nan ke ɗauke da shi ke nan shi kaɗai, har ta ji tausayinsa. Sai idonta ya saba da duhun, hasken da ke zubowa ta sama ya sauka a bango.

Ba jar lakar waje ba ce. Yaɓen ciki toka-toka ne mai duhu, sumul kamar cikin tukunya, kuma yana ƙyalli, ƙananan idanu birjik kamar an niƙa kwalli an watsa. Habsu ta san lakar nan. Shekara guda cur ta yi tana kwana a ƙarƙashin farcenta. Ita ce ragowar da ke zama bayan an niƙa dutse an wanke an cire zinariya, wadda ake tarawa tsibi-tsibi a bakin kududdufi.

Ta ɗaga kai. Daga inda take tsaye har bakin ruhewar, bangon ya yi zane-zane dogaye inda ake jan dami ana fitarwa. Kusa da baki, wurin da kowane dami ke gogawa kafin ya fita, yaɓen ya lotsa, har jar lakar baya ta fara leƙowa. Shekara biyar ana ja. Ta duƙa ta shafa ƙasan ruhewar, tafinta ya taso da gari mai laushi. Ta zaro zangarniya ɗaya ta kaɗa a cikin hasken, ƙura ta tashi tana ƙyalli, ta sauka a hankali a kan sauran.

Maganar Philomena ta faɗo mata, sai da wani abu da ke gugar wani. Ta tuna sussukar da take yi a bakin turmi kullum safiya, yarinya na zaune kusa. Ta tuna cokalin kunun da take zuba magani a ciki. Ta zauna a kan damin gero, ta rasa ko kukan ma ta ina za ta fara.

Da ta fito ba ta jefo komai ba. Ta wuce kai tsaye ɗakin Barau, hannunta a dunƙule, kuma ba ta durƙusa ba.

"Malam, da mi ka yaɓe cikin ruhewa?"

Ya dube ta da mamakin tambayar. "Lakar wanki. Tana can an zubar ba mai so, ga laushi, ga danƙo. Ita ta hana gara." Har da ɗan alfaharin nan a muryarsa, wallahi, don bai gane ba tukuna. Sai ya ga fuskarta. "Mi ne ne? Ai cewa sunka yi ƙura ke kisa. Wagga ta bushe ta kama kamar siminti. Ina ƙura a jikin bango?"

Ta buɗe tafinta a gaban idonsa.

Ya duba. Ya kai yatsa ya taɓa, ya murza, ya kai kusa da ƙofa inda haske yake. Habsu tana kallonsa tana jiran ya yi musu, tana ma so ya yi, don ta samu inda za ta sauke abin da ke ƙirjinta. A lokacin nan ta tsane shi, tsana ta gaske, da ƙafarsa mai wari da alfaharinsa da rantsuwarsa da Alƙur'ani wadda gaskiya ce tsantsa ba ta kuma amfani kowa da komai ba. Amma bai yi musu ba. Fuskarsa ta zube kawai, ya koma tsoho a zaune.

"Dogon nan ya so ya hau," ya ce can ƙasa-ƙasa. "Ni na hana."

"Sai ka aika wurin Yaya Shehu a ba mu geronsu. Kunya ta ƙare yau."

Barau ya rufe ido. "Ta Shehu ni na yaɓe. Da ta Ɗan'azumi, da ta Murtala. Da sunka ga gara ba ta taɓa tawa, kowa ya ce in yi mai irinta." Ya ƙirga da yatsu. "Gida shida cikin tara. Sauran ukun kuwa tun watan jiya suke cin ganye."

Sai a lokacin Habsu ta tuna cewa a gidajen nan biyar ba yayayyen yaro ko ɗaya. Shekarar zinariya ta share su, waɗanda aka haifa daga baya kuma ba su wuce goyo ba. Fiddausi ce kaɗai mai shan kunu, shi ya sa aka ce nata kaɗai.

Kwana biyu ta riƙe yarinyar da tafasa da rama da ɗan ƙuli-ƙulin da ya rage. Talata ta ƙulle garin nan a bakin zane ta kai wa Philomena, ta kwance a kan tebur, ta faɗi komai ba ta rage ba, har adadin damin, abin da mijinta ya ce ta bari a cikinta. Philomena mai faɗa ba ta yi faɗa ba. Ta rufe garin da takarda, ta wanke hannu, ta sa Habsu ma ta wanke.

"Zan rubuta yau a turo masu na'ura, gidajen shida duka. Amma hanya ta yanke, ban san ranar da mota za ta shigo ba. Kada ku ƙara cin hatsin nan."

"Mu ci mi, Sista?"

Philomena ta rufe littafinta. Ta san dabbobi sun tafi, ta san sabon gero sai nan da sati shida.

"In ya zama dole," ta ce a hankali, "ki yi sussuka nesa da gida, ba tare da ita ba. Ki surfa, ki wanke, ki sake wankewa. Zai rage. Ba zan ce miki zai fita duka ba."

Aka ɗibi jini. Sittin da ɗaya. Habsu ba ta tsaya kan lambar ba, don wata tambayar ce ke cinta tun daga rafi.

"In munka daina, bakinta zai dawo?"

Da wata ce da ta ce in Allah Ya so, ta sallame ta. Philomena ba ta iya wannan ba. "Maganin yana fitar da gubar daga jini, Maman Fiddausi. Abin da ta riga ta cinye, ba ya mayarwa. Abin da ya rage muke ƙoƙarin tsarewa."

Ta shiga ciki ta fito da ɗanyar shinkafar da ta aje don cinta, a leda, ba ta fi mudu ba, ta tura mata tare da ƙwayoyin. Habsu ta yi godiya. Duk hanyar gida tana jan yarinyar da hira, "Wa ya goya ki? Wa ya goya Fiddausi?" Sai da suka kusa rafi ta ji a bayan wuyanta, siririya, "Inna." Ta tsaya cak a tsakiyar hanya ta sa ta maimaita, amma ba a sake ba.

Shinkafar yarinya kaɗai aka riƙa dafa wa, tafi ɗaya da safe tafi ɗaya da yamma, ita da Barau suna kan ganye. Barau ya ja ƙafa da sanda ya bi gidajen nan biyar ya faɗa musu da bakinsa. Ba wanda ya zage shi, da ma sun zage shi da ya fi masa sauƙi. Shehu ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, mun ji," ya hau tsaninsa ya jefo dami, don gidansa mutum goma ne. Mota ba ta zo ba. Aka yi ta ruwa.

Kwana shida shinkafa ta yi. Ranar Talata da safe Habsu ta zazzage ledar, ko ƙwaya. Fiddausi ta tashi da kukan yunwa, irin kukan nan marar ƙarfi, aka ba ta romon rama ta tofar. Ga tafiyar awa biyu, ga rafi, ga magani da ba a ba yaro da cikin wofi.

Daga bayan katanga Binta, wata mai goyo da suke tafiya tare, ta ɗaga murya. "Habsu, ba ki shirya ba? Rana na yi."

"Ku tahi," in ji Habsu. "Ina nan tahe."

Ta miƙa wa Barau yarinyar, ta hau tsani. Wannan karon gabanta bai faɗi ba. Ta ɗaga damin sama da hannu biyu don kada ya taɓa bango, ya taɓa duk da haka, ta ji sautin gugar har cikin haƙoranta. Ta kai shi can bayan tunga ƙarƙashin wata marke, ta ɗaure hanci da ɗankwali, ta sussuke, ta sheƙe, ta surfe. Ta kai rijiya ta wanke. Ruwan farko ya fita baƙi-baƙi. Ta wanke na biyu, na uku, tana murzawa har tsagar hannunta ta buɗe. A na bakwai ta tsiyaye ruwan a hankali ta karkata ƙwaryar ga rana tana duba gindinta. Ta ga kamar akwai ƙyalli, ta ga kamar babu. Ta rasa ko idonta ne, kuma ba wanda za ta tambaya.

Kafin ta niƙa ta dama, rana ta take tsaka. A can barandar, ta sani, an fara naɗe tebur, littafin nan yana buɗe.

Ta yi wanka ta sauya zane kafin ta taɓa yarinyar. Ta wanke mata hannu kamar kullum, ta zaunar da ita a tabarma. Ta ɓare ƙwayar magani ta zuba a cokalin farko, ta ɗura, sannan ta miƙa mata kofin. Barau ya juya fuskarsa ga bango.

Fiddausi ta kama kofin da hannu biyu ta shanye tas, har tana lasar baki. Ta ɗago ta dubi uwarta, ta miƙo kofin, leɓɓanta suka motsa.

Habsu ta riƙe numfashi. "Ce Inna," ta ce. "Ce Inna in ƙara miki."

Yarinyar ta dube ta, ta dubi ƙwaryar kunun, ta ƙara turo kofin har ya taɓa gwiwar uwar. Habsu ta jira. Ta ƙara jira.

Sannan ta ɗauki ludayi ta cika mata.